Unguwa da lambar gida: yadda na'urori suka samu adireshi, daga 1969 zuwa shagunan Fagge da Sabon Gari

Mu ɗauka kana da shagon atamfa a Fagge, nan kusa da Kantin Kwari, kuma an taɓa fasa maka shi da dare. Ka ce ba za a sake ba. Ka tsallaka Sabon Gari, ka bi France Road wajen masu kayan lantarki, ka sayo kyamarar tsaro mai aiki da intanet. Ka dawo ka jona ta da rautar shagonka da sabon kebul. Fitilar jikin rautar ta kama, alamar kebul ɗin yana aiki. Amma da ka buɗe kwamfuta, ba hoto ba dalilinsa. Ka kashe ka kunna, ka sauya kebul, shiru kake ji.

Kafin ka koma ka ce an sayar maka da jabu, duba lambobi biyu. Kyamarorin Hikvision da yawa suna fitowa daga kamfani da lambar 192.168.1.64. Rautocin Huawei masu cin layin waya kuwa, da yawansu lambarsu 192.168.8.1 ce. Dubi gurbi na uku: ɗaya tana da 1, ɗaya tana da 8. Na'urorin nan biyu lafiyarsu ƙalau, a kan tebur ɗaya suke, amma a lissafinsu unguwarsu ba ɗaya ba ce, don haka ba sa magana da juna kai tsaye.

Wa ya ce gurbi na uku unguwa ne? Me ya sa kusan kowace na'urar gida take farawa da 192.168? Amsar tana cikin tarihin shekara hamsin da 'yan kai, kuma in ka bi tarihin, gyaran kyamarar ba zai ɗauke ka minti goma ba.

Hanya biyu ta neman gida a Kano

Fagge ta girmi Sabon Gari nesa ba kusa ba. Zango ce ta fatake a bayan ganuwa, inda ayarin raƙuma daga arewa, musamman na Buzaye, ke sauke kaya kafin a shiga da su cikin birni. A irin wannan wuri, adireshin baƙo shi ne mai masaukinsa. In kana neman falke, sai ka tambayi gidan wanda ya sauke shi. Har gobe haka muke kwatance a tsofaffin unguwanni: gidan Alhaji wane, bayan masallaci, in ka zo ka tambayi mai shayin bakin layi. Tsarin yana aiki, matuƙar akwai wanda ya san kowa.

Sabon Gari da wani tsarin ta zo. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, sannan wajen 1913 aka yanka Sabon Gari don baƙin da suka biyo jirgin ƙasa daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma: ma'aikatan reluwe, akawuna, 'yan kasuwa. Manufar Turawa ita ce raba baƙi da 'yan gari, wannan kuma tarihi ne mai zaman kansa. Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda aka shata wurin: tituna a miƙe suna gitta juna, kowane titi da sunansa, irin su Aba Road da Enugu Road da Abeokuta Road, kowane fuloti da lambarsa. Adireshi ya zama kashi biyu, titi da lambar gida. Masinjan gidan waya ba ya bukatar ya san kowa. Ya nemi titin tukuna, sannan ya ƙirga gidaje.

Waɗanda suka yi zamani da wayar girke ta NITEL sun san irin wannan rabon. A wancan lokacin, lambar 064 tana nufin Kano, 01 tana nufin Legas. Na'urar da ke Legas ba ruwanta da ko wane gida ne a Fagge. Da ta ga 064 sai ta tura kiran Kano, can a ƙarasa aikin.

Na'ura ba ta iya tambayar mai shayi. Saboda haka tsarin Sabon Gari ne ya dace da ita. Duk tarihin da zai biyo baya a kan tambaya ɗaya yake: a cikin lambar adireshi, ina unguwa ta ƙare, ina lambar gida ta fara?

Lokacin da kowa ya san kowa

Kakar intanet ita ce ARPANET, wadda ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki nauyinta. Ranar 29 ga Oktoba 1969 aka aika saƙon farko daga jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles zuwa cibiyar bincike ta Stanford. Zuwa ƙarshen shekarar, wurare huɗu ne kacal a haɗe: waɗannan biyun, da jami'ar Santa Barbara, da ta Yuta.

A nan sai mu ɗan tsaya a kan kalmar bit. Bit shi ne mafi ƙanƙantar abin da kwamfuta ke riƙewa, ko dai 0 ko 1, kamar makunnin fitila, a kashe ko a kunne. Bit ɗaya yana ba da hali biyu, bit biyu huɗu, bit uku takwas. Duk bit ɗin da ka ƙara, adadin ya ninka. Bit takwas suna ba da 256, wato daga 0 zuwa 255.

Adireshin ARPANET na farko bit takwas ne: shida don cibiya, biyu don kwamfutar da ke cikinta. Wato bai wuce cibiyoyi 64 ba, kowace da kwamfuta huɗu. Jerin sunayen kwamfutoci kuwa, ofishin Elizabeth Feinler da ke cibiyar Stanford ne yake riƙe da shi a fayil guda, kowa ya kwafa. Lambobi kuma Jon Postel ne ke rabawa yana rubutawa. Zaman Fagge kenan: akwai wanda ya san kowa.

A 1974 Vint Cerf da Bob Kahn suka fitar da tsarin haɗa netwok daban-daban su zama abu guda, wanda daga baya ya zama TCP/IP. Aka zaɓi bit 32 don adireshi. Wannan yana ba da lambobi 4,294,967,296, kusan yawan mutanen duniya duka a wancan lokacin. Cerf ya sha faɗi daga baya cewa ya ɗauka gwaji ake yi, bai zaci da wannan tsarin duniya za ta zauna ba. Don sauƙin karatu, ana yanka bit 32 ɗin gida huɗu, kowane gida bit takwas, a sa ɗigo a tsakani. Shi ya sa ba za ka taɓa ganin 300 a cikin adireshin IP irin wannan ba. Iyakarsa 255.

A tsarin 1980, gurbi na farko ne kaɗai unguwa, sauran ukun lambar gida. Unguwa 256 kenan a duk duniya. Nan da nan aka ga ba za su isa ba. A Satumba 1981, takardar da ake kira RFC 791, wadda Postel ya tace, ta raba adireshi aji uku. Ajin A, gurbi ɗaya ne unguwa, kowace tana ɗaukar na'urori 16,777,214. Ajin B, gurbi biyu ne unguwa, kowace na'urori 65,534. Ajin C, gurbi uku, na'urori 254. Da ka ga lambar farko ka san ajin. Ranar 1 ga Janairu 1983 ARPANET ta koma kan wannan tsari gaba ɗaya.

1985: aka ƙirƙiro shinge

Matsalar farko daga cikin gida ta taso. Jami'a ta samu ajin B, adireshi sama da 65,000, amma kwamfutocinta suna warwatse a gine-gine da yawa, kowane gini da nasa kebul. Ba za a iya zuba su duka a unguwa guda ba, kuma ga dalili.

Idan na'ura tana son magana da maƙwabciyarta, sai ta yi shela ga duk unguwar: wa ke da lamba kaza? Mai lambar ya amsa, sannan a fara magana. Wannan tsarin shela ana kiransa ARP, David Plummer ne ya rubuta shi a 1982, kuma har yau da shi wayarka ke gano rauta. Shela a layi mai gida ashirin ba ta damun kowa. Amma a ce duk wanda ke neman wani a Kano sai ya ɗauki lasifika gari duka ya ji, ai ba mai jin kowa.

Mafita ita ce a yanka babbar unguwa zuwa ƙanana. A Agusta 1985 Jeffrey Mogul da Jon Postel suka fitar da RFC 950, wadda ta tsara yadda za a yi. Suka ƙara wa kowace na'ura lamba ta biyu, wadda a fuskar na'urarka za ka ga an rubuta mata subnet mask. Mu kira ta shinge, domin aikinta kenan: nuna inda unguwa ta ƙare. Ita ma bit 32 ce. Duk inda take da 1, wannan sashen adireshin unguwa ne. Duk inda take da 0, lambar gida ce. Lambar 255 kuwa 1 ce guda takwas a jere. Don haka 255.255.255.0 tana cewa ne: gurbi ukun farko unguwa, na ƙarshe gida.

Ga dokar da kowace na'ura ke bi kafin ta aika komai. Ta ɗauki adireshinta da na wanda take nema, ta ɗora musu shingen. In unguwar ta zo ɗaya, ta yi shela ta yi magana kai tsaye. In ta bambanta, ba ta ma gwadawa, sai ta miƙa saƙon ga ƙofar fita, wadda ake rubuta wa default gateway. Yawanci rautar ce. Kamar falken da ya sauka a Fagge yana son shiga kasuwar Kurmi: ba zai haura ganuwa ba, sai ya bi ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Wambai.

To, koma shagonka. Rautar ta ba kwamfutarka lamba, mu ce 192.168.8.100, da shingen 255.255.255.0. Unguwarta 192.168.8 kenan. Ka ce ta nemo 192.168.1.64. Ta duba ta ga 192.168.1, wata unguwa daban, sai ta miƙa wa rauta. Rautar ma ba ta san wata unguwa mai wannan sunan a cikin shagon ba, sai ta tura saƙon waje, can ya ɓace. Ga kyamara tana kallon kwamfutar ido da ido, ga saƙo ya fita ta ƙofa.

1993: shinge ya daina tsayawa wuri uku

Farkon shekarun 1990 sai babbar matsala ta bayyana. Ma'aikata mai kwamfuta 2,000, ajin C ya yi mata kaɗan, ajin A ya wuce hankali. Kowa sai ya nemi ajin B, ya yi amfani da ɗan kaɗan, sauran dubban lambobi su zauna a banza. Ajin B kuwa guda 16,384 ne a duniya. Injiniyoyi suka lissafa suka ga cikin 'yan shekaru za su ƙare. Ga kuma manyan rautocin tsakiyar intanet, jerin unguwannin da suke riƙewa ya fara fin ƙarfin ƙwaƙwalwarsu.

A Satumba 1993 aka fitar da tsarin da ake kira CIDR, wanda Vince Fuller da Tony Li da Jessica Yu da Kannan Varadhan suka rubuta. Aka soke ajujuwa. Shinge yana iya tsayawa a kan kowane bit, kuma aka samu gajeriyar hanyar rubuta shi: karan tsaye a karkace da yawan bit ɗin unguwa. 255.255.255.0 ya zama /24, domin takwas sau uku 24 ne. Tsarin ya kuma ba da damar dunƙule unguwanni da yawa su zama layi ɗaya a jerin manyan rautoci, kamar yadda 064 ta dunƙule Kano duka.

Lissafin ba shi da wuya. Cire lambar daga 32, abin da ya rage shi ne bit ɗin gidaje. Fara da 1, ka yi ta ninkawa gida biyu har sau wannan adadin, sannan ka cire 2. Me ya sa ake cire biyu? Domin lambar farko sunan unguwar ce kanta, ta ƙarshe kuma ta shela ce, ba a ba wa kowa su. Saboda haka /24 na ɗaukar na'urori 254, /25 na ɗaukar 126, /26 na ɗaukar 62, /27 na ɗaukar 30, /28 na ɗaukar 14.

Mu gwada da filaza a Sabon Gari mai rukuni huɗu: kyamarori 20, kwamfutocin ofis da firinta da na'urorin POS, shagunan 'yan haya, da Wi-Fi na baƙi. Kana da 192.168.1.0/24. Ka aro bit biyu daga ɓangaren gida, shingen ya zama /26, wato 255.255.255.192. Daga ina 192 ta fito? Bit biyun farko na gurbin ƙarshe darajarsu 128 da 64 ce, ka haɗa ka samu 192. Yanzu kana da unguwa huɗu, kowace lambobi 64:

Ta farko, 0 zuwa 63, ana amfani da 1 zuwa 62.
Ta biyu, 64 zuwa 127, ana amfani da 65 zuwa 126.
Ta uku, 128 zuwa 191, ana amfani da 129 zuwa 190.
Ta huɗu, 192 zuwa 255, ana amfani da 193 zuwa 254.

Ka lura da tarko a nan. Lambar 192.168.1.64 da kyamararka ta zo da ita, a ƙarƙashin /24 gida ce kamar kowane gida. A ƙarƙashin /26 kuwa ta zama sunan unguwa ta biyu, ba za a iya ba wa na'ura ita ba. Adireshi ba ya da cikakkiyar ma'ana sai an faɗi shingensa. In kuma kyamarorin sun kai 70, /26 ba za ta ɗauke su ba, sai ka ba su /25, ka raba ragowar rabin ga sauran rukunai.

Abu ɗaya kada ya ruɗe ka: raba lambobi kaɗai ba tsaro ba ne. In duk na'urorin suna kan suwic ɗaya, baƙon da ya san abin da yake yi zai iya sauya lambar kwamfutarsa ya faɗa unguwar kyamarori. Sai an raba su a suwic ɗin ma, da abin da ake kira VLAN, sannan a gindaya wa rauta dokar wa zai iya shiga ina.

Daga ina 192.168 ta fito?

CIDR ya rage ɓarna, amma bai ƙara yawan lambobi ba. Sai aka zo da dabara ta biyu. A 1994 aka ware wasu lambobi don amfanin cikin gida, aka tabbatar da su a Fabrairu 1996 a RFC 1918. Rukuni uku ne: duk abin da ya fara da 10, sai daga 172.16 zuwa 172.31, sai duk abin da ya fara da 192.168. Kowa yana iya amfani da su ba tare da neman izini ba, da sharaɗin ba za su fita intanet ba. Kamar lambar ɗaki ce a otal: akwai ɗaki mai lamba 12 a otal ɗari a Sabon Gari, kuma ba a rikicewa, domin ba wanda ke aiko wasiƙa daga Legas da lambar ɗaki kaɗai.

Abokin tafiyar wannan dabara shi ne NAT, wanda Kjeld Egevang da Paul Francis suka bayyana a Mayu 1994. Rauta tana riƙe da adireshin waje guda ɗaya. Duk saƙon da zai fita, sai ta cire lambar cikin gida ta sa tata, ta rubuta a kundinta wa ya aika, in amsa ta dawo ta miƙa masa. Mai masaukin Fagge ya dawo kenan ta wata hanyar: duniya ta san maigida, shi kuma ya san baƙinsa. A daidai wannan lokacin, a 1993, Ralph Droms ya fitar da DHCP, tsarin da ke sa rauta ta riƙa ba kowace na'ura lamba da shinge da ƙofar fita da kanta. Shi ya sa wayarka ke hawa Wi-Fi ba tare da ka rubuta komai ba.

Da waɗannan dabaru intanet ta shigo Kano. Farkon shekarun 2000, lokacin da shagunan kafe suka yawaita a Sabon Gari da Fagge da sauran unguwanni, ana zuwa buɗe Yahoo da duba sakamakon jarrabawa, yawancinsu ta faifan tauraron ɗan'adam suke samun intanet. Kwamfuta ashirin a ɗaki, duk a bayan adireshin waje guda. Sau da yawa ma adireshin na kamfanin tauraron ne da ke ƙetare, har shafukan intanet su ɗauka kana Turai alhali kana zaune a Kano.

Rabon da aka yi ba mu nan

A shekarun farko, wanda ya tambaya shi ake ba wa. Kamfanin IBM ya samu duk lambobin da suka fara da 9, Apple 17, jami'ar MIT 18, kamfanin motoci na Ford 19. Kowannensu adireshi sama da miliyan 16. Ma'aikatar tsaron Amurka tana da irin wannan gona fiye da goma. Jami'ar Stanford ta mayar da tata, mai lamba 36, a shekarar 2000, amma ba kowa ya yi hakan ba.

Afirka ba ta da hukumar rabo tata sai daga baya. Kafin nan, mai neman adireshi daga Najeriya sai ya nema a hukumar Turai, RIPE NCC, da ke Amsterdam. Masana irin su Nii Quaynor na Gana suka dage sai nahiyar ta samu tata, har aka amince da AFRINIC a Afrilu 2005, hedikwatarta a tsibirin Morishus, shugabanta na farko Adiel Akplogan ɗan Togo. Manyan gonakin da take rabawa sun haɗa da 41 da 102 da 105 da 196 da 197. Je ka shafin da ke nuna adireshinka na waje, akwai kyakkyawan zaton da ɗayansu zai fara. Duk abin da ke hannun AFRINIC bai kai kashi 5 cikin 100 na adireshin duniya ba, ga nahiyar da ke ɗauke da fiye da kashi 15 cikin 100 na mutanen duniya.

Ranar 3 ga Fabrairu 2011 rumbun tsakiya ya ƙare. Gonaki biyar na ƙarshe aka raba wa hukumomin yankuna biyar, kowace ɗaya, AFRINIC ta samu 102. Adireshi ya zama haja. A wannan shekarar Microsoft ya sayi adireshi 666,624 daga kamfanin Nortel da ya karye, a kan dala miliyan 7.5.

Ina abin ya shafe ka? Tun da GSM ta fara aiki a Najeriya a Agusta 2001, layukan da ke shiga intanet sun haura miliyan 100, adireshin waje da ƙasar ke da su kuwa 'yan miliyoyi ne kaɗan. Dole kamfanonin waya su yi nasu NAT ɗin a sama da naka, su tara mutane da yawa a bayan adireshi guda. A 2012 har aka ware musu lambobi na musamman, daga 100.64 zuwa 100.127. Shiga shafin rautarka ka duba adireshin da kamfanin ya ba ta. In ya fara da 10, ko yana cikin wancan rukunin na 100, to rautarka ma baƙuwa ce a gidan wani. Sakamakonsa, in kana gida a Kurna ko ka tafi sarin kaya Dubai kana son leƙa shagonka, wayarka ba za ta iya ƙwanƙwasa ƙofar kyamarar kai tsaye ba. Shi ya sa manhajojin kyamara ke bi ta uwar garken kamfanin da ya ƙera ta, wadda galibi tana ƙasar waje, ita ce ke haɗa ku. Don haka kalmar sirrin wannan asusun ba abin wasa ba ce.

Maganin dindindin tun Disamba 1995 aka rubuta shi: IPv6, na Steve Deering da Robert Hinden, mai bit 128. Yawan lambobinsa kusan 340 ne da sifiri 36 a bayansa. Ranar 6 ga Yuni 2012 manyan kamfanonin intanet suka kunna shi gaba ɗaya. Najeriya har yanzu tana cikin ƙasashen da ke baya wajen amfani da shi. Amma ko a can, ƙa'idar ba ta sauya ba: unguwa da gida, kuma shingen da aka saba shi ne /64.

Mu koma shago

Yanzu gyaran. Kana bukatar shigar da kyamarar unguwar rauta. Hanya ta farko, ka yi amfani da manhajar kamfanin kyamarar da ke gano ta ta hanyar shela ko da unguwa ta bambanta. Hanya ta biyu, ka ba kwamfutarka lambar wucin gadi, kamar 192.168.1.10 da shingen 255.255.255.0, ka buɗe 192.168.1.64 a burauza. Da ka shiga, ka cike gurabe uku: adireshi 192.168.8.20, shinge 255.255.255.0, ƙofar fita 192.168.8.1. In akwai gurbin DNS, lambar rautar ta wadatar. Ka adana, sannan ka mayar da kwamfutarka ta riƙa karɓar lamba da kanta.

Ka kiyaye abu uku. Na farko, duba daga ina zuwa ina rautarka ke raba lambobi da kanta, ka zaɓi ta kyamara a wajen wannan zangon. In ba haka ba, wata rana za ta ba wayar wani kwastoma lambar kyamarar, biyun su riƙa tsinkewa. Na biyu, in kyamarorin iri ɗaya ne kuma sun kai biyu ko fiye, duk da lamba ɗaya suka zo, don haka ɗaya bayan ɗaya za ka jona su kana sauya wa kowace. Na uku, in ka ga kwamfutarka da lambar da ta fara da 169.254, ma'anarta ta nemi lamba ba wanda ya amsa, sai ta ƙirƙiro wa kanta. A nan kebul ko rauta za ka bincika.

Kuskuren ƙofar fita shi ya fi ɓoyewa. Kyamara za ta yi aiki sumul a cikin shago, domin maƙwabta ba sa bukatar ƙofa. Sai ka koma gida da dare ka buɗe waya ka ga babu ita. Kuskuren rikicin lamba kuwa ya fi haɗari, domin na'urar naɗa hoto tana iya rasa kyamarar tsawon awanni ba ka sani ba, sai ranar da aka yi ɓarna ka zo neman hoto ka tarar da allo baƙi.

In mai gyara ne zai yi maka aikin, kafin ka biya shi ka sa ya rubuta maka a takarda: sunan kowace na'ura, adireshinta, shingen, da ƙofar fita. Ka liƙa takardar a cikin akwatin na'urar naɗa hoton, kalmar sirri kuma ka ajiye ta wani wurin daban. Ranar da ka sauya rauta, ko ka koma layin wani kamfanin wanda rautarsa ke kan 192.168.0.1, kyamarorin duka za su sake ɓacewa. A ranar, da wannan takardar za ka san lambobin da za ka sauya.